Kafin ka saida hatsi don kuɗin mota

Ya kai manomi, tsadar nan gaskiya ce. Da aka rufe iyakar Benin a 2023, shinkafa ta hau. Zuciya tana ce maka: tashi ka tafi biɗa.

Tsaya ka yi lissafi. Da kaka za ka saida hatsi da araha. Da damana iyalinka su sayo shi da tsada, ko su ci bashi. Hanyar ma ba tabbas: a 2024 Aljeriya ta koro dubban mutane zuwa Assamaka, hannu wofi.

Albasar Galmi tana zuwa Abijan da Akara, mai ita yana gida. In kana da fadama, zauna ka yi noman rani. In tafiya ta zama dole, bar rumbu cike, ka komo kafin shibka.