Ba Kullum Laifin Bawul Ba Ne

Makon jiya wani mai ɗaukar waƙoƙi ya aiko mini da wasiƙa cike da ɓacin rai. Ya ce ya gaji wata tsohuwar na'urar haɗa sauti mai bawul, ya sake mata bawul har guda 6 da kuɗi masu yawa, amma gurnanin da take yi yana nan daram, har ya soma tunanin miƙa ta ga 'yan gwangwan. To, malam, dakata tukuna. Da irin waɗannan na'urori ne, watau REDD.51 ta kamfanin EMI, aka ɗauki yawancin waƙoƙin Beatles a Abbey Road, birnin London, daga 1964 zuwa 1968. Ba kayan bola ba ne.

Likita yakan fara da sauraren majiyyaci, haka nan mai gyara. Gurnani mai kauri, wanda ba ya hawa ba ya sauka, daga wutar lantarki yake, domin tamu tana juyawa sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya, ta Amurka kuwa sau 60. Sau da yawa laifin wayar ƙasa ne: na'urori biyu da aka haɗa kowace ta sami tata hanya zuwa ƙasa, sai 'yar wuta ta riƙa zagayawa tsakaninsu. Zare dukkan wayoyin da ke shiga na'urar. In ta yi tsit, ciwon a waje yake. Mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ɓarawon ya fito. Amma ina roƙonka, kada ka yanke wayar ƙasa ta filogi, ko da wani gwani ya rantse maka haka ake yi. Lalle gurnani yakan ɗauke, sai dai ran da wuta ta taɓa jikin ƙarfen, kai ne za ka zama hanyarta.

In kuwa an zare kome amma ƙarar ba ta fasa ba, kuma muryarta ta ɗan fi siriri, ninki biyu ke nan, watau 100, to manyan kwandensa masu tace wuta ne suka bushe. Abin da ya shekara 60 yana shan zafi ai ba a zarge shi da raki ba. Zatona a nan ciwon mai wasiƙarmu yake, bawul ɗin da ya zubar kuwa wataƙila lafiyarsu lau.

Shuuu mai kama da yayyafi a kan kwano yakan fito daga tsofaffin resista na gawayi da ke kusa da bawul na farko, EF86 ko ECC83. Ƙas-ƙas kuma ƙura ce da tsatsa a ƙafafun bawul da abin murɗa murya. Goge su kawai.

Shi bawul yana da nasa gwaji. Ƙwanƙwasa shi a hankali da gindin fensir. In lasifika ta amsa kamar ƙararrawa, ya lalace. Ko ka musanya shi da na layin da ke kusa: in ƙarar ta bi shi, shi ne mai laifi, in ta tsaya inda take, bar shi.

Har ila yau, cikin akwatin nan akwai wuta mai ƙarfin bolt 250 zuwa 300, kwandensa kuma sukan riƙe ta bayan an zare filogi. Sake su aikin wanda ya san yadda ake sauke wannan wuta ne, ya auna da mita kafin ya sa hannu.