Kyautar Ɗan Kasuwa Manzonsa Ce

Maganata ta yau da attajirai ce, da masu kantuna, da shugabannin kamfanoni, bisa ga kyautar nan da sukan raba wa abokan ciniki idan shekara ta zo ƙarewa ko azumi ya gabato, wadda akan buga sunan mai bayarwa a jikinta don a riƙa tunawa da shi.

Yin kyauta ba baƙon abu ba ne a gare mu. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da mu yin ta, domin tana dasa ƙauna a zukata. Kakanninmu kuwa sun san gyara bayan awo, sun san goron Sallah, sun san tsarabar fatake. Baƙon abu shi ne mutum ya ɗauki sunansa, wanda ya shekara ashirin yana ginawa, ya manna shi a jikin abin da ba zai kai wata guda ba.

Wanda duk ke musun wannan, to, ya fito ta Ƙofar Na'isa bayan an ɗauke ruwan sama, ya bi gefen badala ya nufi Ƙofar Gadon Ƙaya, ya leƙa magudanai da ragowar kududdufan wurin. Zai ga ledoji, da fasassun kofunan roba, da maficin roba da ya rabu da mariƙinsa, da alƙaluman da suka ƙafe, da yawansu ɗauke da sunan wani kanti har da lambar wayarsa. Su ne ke toshe hanyar ruwa ya koma cikin gidaje, su ne akuya ke haɗiyewa ta rame a rasa dalili. Mai kantin ya biya kuɗi don a san shi, ga shi an san shi a cikin kwata.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi, watau kalanda. An mai da ita al'ada a buga Ayatul Kursiyyu ko sunayen Allah kyawawa a samanta, a sa tallar shinkafa ko ta siminti a ƙasa. Niyyar mai kyau ce, ban musa ba. Amma kalanda ranta wata goma sha biyu ne. Ran da shekara ta cika sai a yage ta daga bango, ta faɗa hannun yara, daga nan sai teburin mai tsire ko kaskon mai ƙosai, a naɗe abinci da ita a yar. Wa zai ɗauki alhakin wannan? Haka kuma mai kantin da a cikin sunansa akwai sunan Allah, kamar Abdullahi ko Abdurrahman, ya buga shi a jikin buta, alhali ya san inda ake shiga da buta. Wannan kam ko malamin allo na unguwa aka tambaya ya isa ya hana.

Abin mamaki, garin da ake yin haka shi ne garin da duniya ta sani da kayan ƙwarai. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Baturen nan Barth, mutumin Jamus, da ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana kai rinannen tufafinta har Timbuktu da Tarabulus. Fatar jar akuya da aka jeme a ƙasar Hausa ta ƙetare hamada, Turawa suka saye ta a hannun Larabawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Har yau karofin Ƙofar Mata na nan, ana rini da baba da toka, majema na jima da bagaruwa, dukawa na ɗinki a Ƙofar Wambai. Daga Ƙofar Na'isa zuwa kowannensu ba tafiyar da za ta gajiyar da mutum ba ce.

To, me zai hana attajiri ya aika wa baduku ya yi masa jakar kuɗi, ko gafaka, ko kuben littafin lissafi, a danna sunansa ƙarami a gefe da hatimi? Me zai hana ya ba da mayafi rinin karofi wanda ya sha bugu, ko faifai da tabarmar kaba, ko hula ɗinkin hannu? Irin waɗannan sukan shekara da shekaru a hannu, in sun tsufa kuma ƙasa ta cinye su. Kuɗin ma bai fita gari ba, ya shiga aljihun wanda gobe zai zo kantinka sayen sukari.

Na san abin da za a ce: tsada. Gaskiya ne, kuɗin da zai sayi alƙaluman roba dubu ba zai sayi jakar fata ɗari ba. Amma ina mai kantin da ke da abokan ciniki na haƙiƙa dubu? Ya buɗe littafinsa ya ƙidaya waɗanda suka riƙe shi shekara da shekara, zai samu ba su da yawa. Su ya kamata a girmama da abin kirki. Sauran jama'a a yi musu gyara a mudu, ko rangwame a farashi, ya fi musu amfani da mabuɗin kwalba. Hukumomi ma sun fara gajiya da roba: ƙasar Ruwanda ta hana leda tun 2008, Legas ta hana mazubin abinci na soso a 2024.

Sai dai kada a ɗauka duk abin da aka yi a gida nagari ne. Akwai marinan da suka bar baba suka koma garin bature mai zuba, akwai fatar da ba ta jemu ba, da damina ta yi sai ta tashi da wari. Wanda zai sa a yi masa aiki ya karɓi guda ɗaya tukuna, ya jiƙa ƙyallen ya murza a farin tsumma, ya ja ɗinkin jakar da ƙarfi, ya ajiye ta kwana bakwai a ɗaki ya shinshina. In ta ci jarrabawa, ya ba da rabin kuɗi tun watan Rajab, domin aikin hannu ba ya son gaggawa, baduku kuwa ba ya amsa kowa a goman ƙarshe na azumi.