Zaman Baƙunci: A Yi Shiri Tun Gari Na Lafiya

Da wuya a sami gida a cikinmu wanda ba shi da ɗa ko ɗan'uwa a wata ƙasa, wani ya tafi neman ilimi, wani fatauci, wani ƙwadago. Saboda haka muka ga ya dace mu tattauna a kan abin da ya kamaci baƙo idan fitina ta tashi a ƙasar da yake zaune.

Mu tuna da abin da ya faru a Sudan. Ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, mutanen Khartum suka wayi gari da ƙarar bindigogi tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. A ranar farko filin jirgin sama ya zama fagen fama, jirage suka daina tashi. Bankuna suka rufe, ruwa da lantarki suka yanke a unguwanni da yawa, kuɗin mota ya ninka sau da dama. Ƙasashe suka kwashe jakadunsu, har masu neman biza da suka ajiye fasfo a waɗannan ofisoshi suka rasa hanyar karɓo shi. Ɗaliban Nijeriya da aka ɗauka cikin motoci sun yi kwanaki a bakin iyakar Masar suna jiran izinin shiga, sai a farkon watan Mayu rukunin farko ya sauka Abuja.

Abin lura a nan shi ne, ƙofar fita takan rufe cikin sa'o'i kaɗan. Wanda ya bari sai an fara harbi kafin ya nemi takardunsa, ya makara. Don haka muke kira ga kowane magidanci da ke baƙunci ya riƙe fasfonsa da na iyalinsa a hannunsa, kada ya bar su wurin maigidan aiki ko dillali, kuma ya tabbatar wa'adinsu bai ƙare ba. Ya haɗa su da takardun haihuwar yara da katin allurar rigakafi a jaka guda, ya aika da kwafinsu gida. Ya yi rajista a ofishin jakadancin ƙasarsa ya karɓi kati, domin idan aka zo kwasar mutane, da sunayen da ke rubuce ake farawa. Ya kuma san gidan Sarkin Hausawa ko shugaban 'yan ƙasarsa na garin.

Haka nan a ajiye tsabar kuɗi a gida gwargwadon hali, tunda kuɗin banki da na salula ba su da amfani ranar da layi ya ɗauke. A tanadi ruwa da hatsi da maganin masu ciwon suga ko hawan jini na 'yan kwanaki. Uwargida da manyan yara su san inda jakar take, su haddace lambar waya ɗaya ta gida, a kuma yanke wurin haɗuwa idan rikici ya riski iyali a warwatse.

Sai batun harshe. Baƙo ba shi da ɓangare a rikicin masu gari. A Libiya a shekarar 2011, jita-jitar cewa Gaddafi ya ɗauko sojojin haya daga kudu da Sahara ta sa aka riƙa kama baƙaƙen fata ana cin zarafinsu, alhali magina ne da leburori. Dubban 'yan Nijar sun tsere ta Dirku zuwa Agadas, da yawa hannu wofi. Saboda haka a guji gardamar siyasa a kasuwa da majalisa, kada a ɗauki hoton sojoji ko shingensu, kada a sa tufa mai kama da kaki, kada kuma a yaɗa labarin da ba a tantance ba.

Idan harbi ya kusa, a zauna a ɗakin da ya fi nisa da titi, nesa da taga. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Idan kuma hanya ta buɗe, a fita cikin ayari da rana, kada son dukiya ya tsayar da mutum, domin shago da kaya ana sake samunsu.

Mu da ke gida kuma, kada mu matsa wa ɗanmu ya zauna don kuɗin da yake aikowa. Mu kira shi tun yau, mu tambaye shi inda fasfonsa yake. Allah Ya kare mana matafiyanmu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.