Kafin ku sayar da fadama domin maganin nano

Idan kuna da mai jinyar ciwon daji a gida, a Gulma kuke ko Argungu ko Birnin Kebbi, da wuya a ce labarin maganin nano bai iso kunnenku ba. Wani ɗan'uwa ya gani a WhatsApp, wani ya ji daga bakin ɗansa da ke jami'a: wai an sami maganin da ke zuwa kai tsaye ya faɗa wa ciwon shi kaɗai, babu zubewar gashi, babu amai. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, shi ya sa yake da haɗari. Ra'ayina shi ne, ga mafi yawan majinyatanmu wannan magani bai kai a sayar da fadama dominsa ba, bai kuma kai a jinkirta jinya ko da mako guda ana jiransa ba.

Ku fara sanin abin da ake magana a kai. Kimoterafi na yau da kullum yana shiga jini ya zaga ko'ina, yana kashe ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa. Na ciwon daji suna cikinsu, amma haka ma na tushen gashi da na cikin baki da na ɓargo. Manomin shinkafa ya san irin wannan asara: ka watsa taki a fadama, shinkafa ta ci, ciyawa ta ci, ruwa ya tafi da saura. Sai masana suka yi dabarar naɗe maganin cikin wani mitsitsin ƙunshi na maiƙo ko na furotin, mai faɗin kamar nanomita 100, wanda kaurin silin gashi ɗaya ya ninka sau ɗaruruwa. Bangon lafiyayyar jijiyar jini kamar raga ce mai ƙananan idanu, ƙunshin ba ya iya ratsa ta. Ita kuwa jijiyar da ciwon daji ya yi wa kansa cikin gaggawa yagaggiyar raga ce, ƙunshin yakan zurara ta nan ya taru a cikin ƙarin. Wasu masana biyu na Japan, Matsumura da Maeda, su suka bayyana wannan a 1986.

Abin ba sabo ba ne, ke nan. Tun 1995 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Doxil, wanda ba komai ba ne illa doxorubicin, jan maganin nan da masu sankarar mama suka sani a ledar ƙarin ruwa, an sa shi cikin ƙunshin maiƙo. Babban aibin doxorubicin shi ne yana raunana zuciya, har likitoci sun ƙayyade iyakar abin da mutum zai karɓa a duk rayuwarsa. Ƙunshin ya rage wannan haɗari sosai, ya kuma rage zubewar gashi. Wannan nasara ce ta gaske. To amma da aka gwada shi kafaɗa da kafaɗa da tsohon a kan mata masu sankarar mama wadda ta bazu, tsawon lokacin da ya riƙe ciwon kusan ɗaya ne da na tsohon. Ya kuma zo da nasa ciwon kai: tafin hannu da na ƙafa su yi ja, su yi zafi, su saɓule, baki ya yi gyambo. Ga matar da ke daka da surfe da tafiya rijiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2005 aka amince da Abraxane, wato paclitaxel da aka haɗa da furotin na jini. Shi ma ya sauƙaƙa wani abu, ya bar mutum da mutuwar yatsu irin ta tsohon.

Batun cewa yana zuwa kai tsaye kuwa, a nan ne talla ta fi gaskiya baki. A 2016 wasu masu bincike a Jami'ar Toronto ta Kanada suka tattara gwaje-gwajen shekara goma da aka yi a kan dabbobi, suka tarar cewa abin da ke isa cikin ƙarin, a tsaka-tsaki, kashi 0.7 ne cikin ɗari na abin da aka ɗura. Mafi yawa hanta da saifa ke tsincewa. An yi ta gardama a kan wannan lissafi, ana kuma ci gaba da aiki, wataƙila jikokinmu su ga abin da ya fi haka. Amma mai jinyarku yau yake kwance.

Akwai kuma masu cin kasuwa da sunan. Masu dogon tunani za su tuna 2014, lokacin Ebola, da aka yi ta yayata wani ruwan azurfa mai suna Nano Silver, kafin hukumomin lafiya su ce bai cika sharuɗɗan da za a ba majinyata ba. Maganin nano na gaskiya ta jijiya ake ba da shi, a asibiti, likitan ciwon daji na tsaye, bayan an auna jini. Duk abin da aka miƙo muku a kwalba ko a ƙwanso a tashar mota, ko aka ce ku tura kuɗi a aiko daga Legas a sha safe da yamma, ba shi ba ne, ko da an rubuta nano sau goma a jikinsa.

Inda muke yin asarar rayuka daban ne. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya na 2022 ya nuna sabbin masu ciwon a Nijeriya sun kai kimanin 127,000, waɗanda suka rasu kuma kusan 80,000, kuma sankarar mama ce kan gaba. Mafi yawan matan sai ciwon ya yi nisa suke isa asibiti. Kullutun da aka gano yana ƙarami, aka ɗebi ɗan namansa aka auna, aka yi tiyata, aka bi da magani da gashi idan da buƙata, sau da yawa ana warkewa da tsofaffin magungunan nan masu sauƙin kuɗi. Wanda aka bari wata takwas ana shafe-shafe da hayaƙi, babu ƙunshin da zai maido da watannin nan. Daga Gulma, hanyar a bayyane take: babban asibitin Argungu, sai asibitin tarayya ko na Sir Yahaya a Birnin Kebbi, sai asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato inda sashen gashi yake.

Ku yi lissafin kuɗi tun ranar farko, domin kimoterafi zagaye-zagaye ne, sau da yawa shida ko takwas, mako uku-uku. Iyalin da suka zuba kuɗin amfanin gona duka a zagaye biyu na mai tsada, sannan suka tsaya, sun fi cutuwa a kan waɗanda suka kammala da mai araha. Ga kuɗin mota, ga na gwajin jini, ga abincin mai jinya da mai zaman jinya. Ku tambayi ofishin walwala na asibiti game da asusun tallafin ciwon daji na gwamnatin tarayya, wanda ya fara da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, kuma asibitin koyarwa na Zariya na cikin waɗanda aka fara da su.

Duk da haka akwai waɗanda ya dace su tayar da zancen da kansu. Idan mahaifiyarku na da ciwon zuciya tun da, ko ta riga ta karɓi jan maganin a baya, ko sankarar ƙwan mahaifa ce ta dawo, ko jikinta ya yi mummunan bore da aka sa mata paclitaxel, to ƙunshin na iya zama abin da zai ba ta damar ci gaba da jinya. Ku tambayi likita ba tare da kunya ba: me wannan zai ƙara mata a kan wancan, kwana ko sauƙi? Zagaye nawa, nawa ne jimilla, kuma za a same shi kowane zagaye ba yankewa? Ku rubuta amsar a littafi ɗaya tare da sakamakon gwajin nama da hoton zuciya, ku riƙa tafiya da shi duk asibitin da aka tura ku.