DAGA ZAUREN ZOGBELI: Tiren walaha na kifin banda da burodi

 

Akwai wani lokaci na yini wanda girkin gidajenmu bai tanadar masa abinci ba, wato tsakanin hantsi da walaha. Koko da ƙosai na sassafe sun riga sun narke a ciki, tuwon rana kuwa ko wuta ba a hura masa ba. Amma a daidai wannan sa'a ne zaure ya fi cika: an raɗa suna an shafa fatiha mutane ba su tashi ba, ko an sauko daga Idi, ko kuma 'yan'uwa sun kwana a mota daga Kumasi sun iso da yunwa. Mu da muka tashi a gidan liman a nan Zogbeli mun san wannan sa'a sarai, domin mu ake turawa cikin gida da saƙon nan na mahaifinmu wanda ba ya sauyawa, cewa a kawo wa baƙi ɗan abin taɓawa.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne hirar wani ɗan'uwanmu mazaunin birnin Niyok na Amurka da ya zo ganin gida. Ya ba mu labarin yadda mutanen can suke haɗa karin kumallo da abincin rana wuri guda ranar Lahadi. Sai a shimfiɗa babban faranti, a jera yankan kifin salmon mai banda, da wani burodi zagayayye mai huji a tsakiya da ake kira bagel, da cuku mai laushi na shafawa, da albasa da tumatir da lemun tsami, kowa ya haɗa nasa da hannunsa. Goggonmu tana gefe tana saurare, sai ta ce masa: "Ɗana, wannan ne abin da ka ƙetare teku ka gano? Ai ga saman can jibge a kasuwar Aboabo."

An yi dariya, amma maganar tana buƙatar warwara, musamman saboda masu karatunmu na Lome da Wagadugu da Yamai. Abin da matan kasuwar Gana suke kira saman ba shi ne salmon na Turai ba. Makarel ne, kifin teku mai ratsi a baya, wanda galibi ake shigo da shi a daskare ta tashar jirgin ruwa ta Tema, a yi masa tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Tamale, a narkar da shi, sannan a banda shi. Salmon na ainihi namansa ja-ja ne, kifin ruwan sanyi ne, kuma Norway ce ta fi kowace ƙasa kiwonsa. Bandar ma ba iri ɗaya ba ce. Nasu ana jiƙa shi da gishiri, a turara shi da hayaƙin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, don haka bai dahu ba, shi ya sa likitocinsu suke gargaɗin mata masu ciki game da cinsa. Namu kuwa wuta ce take dafa shi yayin da hayaƙi ke shigarsa. Shi kuma bagel, Yahudawan Polan ne suka kai shi Niyok a ƙarshen ƙarni na 19, kuma ana tsoma kwaɓinsa cikin tafasasshen ruwa kafin a gasa, abin da ke ba shi ƙarfi da danƙo.

Ba mu ga dalilin da zai sa magidanci ya kwashe kuɗin cefanen mako ya nemi waɗannan kaya ba. Abin da muka ga ya cancanci aro shi ne tsarin: faranti ɗaya, abinci mara nauyi, babu tsayuwa kan murhu, kowa ya ɗibi gwargwadon cikinsa. Sauran kaya duk muna da su, kuma aikin duka ya rataya ne a kan kifin.

Kifin banda da ke shigowa Tamale kashi biyu ne. Akwai na teku, wato saman ɗin da muka ambata. Akwai kuma na kogi, tarwaɗa da karfasa, waɗanda ake kawowa daga Yapei da ke bakin Farin Bolta, da Buipe da ke bakin Baƙin Bolta, da Yeji da Makango da ke gaɓar tafkin da ya samu bayan kammala madatsar Akosombo a 1965. Yawancin masu banda suna amfani da murhun nan mai tiroli hawa-hawa da ake kira Chorkor, wanda aka ɓullo da shi a 1969, aka kuma raɗa masa sunan unguwar masunta ta Ankara. A kowane kashi za a tarar da wanda aka banda ya ƙeƙashe kamar itace don ajiyar watanni, da wanda aka banda sama-sama ya saura da taushi. Na farkon na miyar kuka ne. Tire mai taushi yake so, mai taushi kuwa ba ya jimre kwana, sai a saye shi ran da za a ci, ko da yammacin jiya idan akwai firji kuma wutar lantarki ta yi halin kirki.

A wurin saye kada kunya ta hana mutum ɗaga kifi ya duba. Fatarsa ta kasance ruwan zuma mai sheƙi. Idan ta yi baƙi ƙirin, to wuta ta lashe shi, zai yi ɗaci, kuma ƙonannen hayaƙi ba alheri ba ne ga jiki. A danna gefen ciki da yatsa. Idan ya lotsa ya fitar da ruwa a ajiye shi. A buɗa cikin a sansana, domin daga nan ɓaci ke farawa, hayaƙi kuma ya iya rufa wa fata asiri.

Mun nace a kan wannan ne saboda mun taɓa jin jiki. Wata bazara, ran sunan ɗan ƙanenmu, aka sayo saman mai araha a hannun wata mai talla da ba mu saba da ita ba. Ba ya wari, sai dai wani dattijo ya ce yana jin yaji-yaji a harshensa alhali ba a sa barkono ba. Ba a yi awa guda ba fuskokin mutum huɗu suka yi ja, kai ya sara musu, ƙaiƙayi ya taso. Allah Ya taƙaita, kafin magariba kowa ya warware, amma kunyar da mahaifinmu ya ji a gaban baƙinsa ba ta warware ranar ba. Daga baya muka fahimci dalili. Makarel na cikin kifayen da idan suka jima cikin zafi bayan an narkar da su, wani sinadari mai suna histamin yake taruwa a namansu, kuma banda ko suya ko tafasa ba sa kashe shi. Laifin ya auku tun kafin kifin ya hau murhu. Shi ya sa sanin mai banda ya fi sanin farashi, kuma duk kifin da ya yi wa harshe tsikari ba tare da yaji ba a ɗauke shi daga gaban mutane.

Ga mutum 10, saman 4 matsakaita ko tarwaɗa 2 manya sun isa. A ɗumama su a tukunya da ɗan ruwa a rufe, ko a kan gawayi marar harshe, har tururi ya fito daga tsakiyar nama. Sannan a zauna a yi aikin da ya fi kowane muhimmanci, wato cire ƙaya. A ɓare fata, a raba kifin biyu ta baya, a zare ƙashin tsakiya, a bi layin gefe da yatsa a hankali, domin a nan ƙananan suke ɓuya. Kada a ba yaro wannan aiki, kada kuma a yi shi cikin duhun ɗaki. Tsohon da ya sa kifi cikin burodi ba ya ganin abin da yake taunawa, ya dogara ne ga amanar wanda ya shirya. A bar naman manyan ɓari-ɓari, kada a marmashe shi, a matsa masa lemun tsami kaɗan.

Burodi, wanda a zango muke cewa paanu, Dagwamba kuma suke cewa boroboro, shi ma yana da zaɓi. Burodin sukari ba ya jituwa da kifi, zaƙinsa yana danne hayaƙin. Burodin bota ya yi laushi, da ya sha mai sai ya narke a hannu. Burodin shayi ya fi dacewa, a yanka shi da kauri a ɗan gasa a busasshen kasko. 'Yan'uwanmu na ƙasashen da ake jin Faransanci sun fi mu sa'a a nan, domin baget nasu ya fi kusa da bagel wajen ƙarfi. A madadin cukun shafawa muna da wagashi na matan Fulani: a tafasa shi da gishiri, a yanka, a soya sama-sama. Idan lokacin fiya ne ana kawo ta daga kudu, a dama biyu da gishiri da lemun tsami, ta zama abin shafawa. Sai albasa yanka siriri da aka jiƙa a ruwan gishiri don kaifinta ya ragu, da tumatir, da kokwamba, da dafaffen ƙwai 5 a raba biyu-biyu. Shito ko yaji a zuba a ɗan kwano daban da cokalinsa, saboda ba kowane ciki ne ke ɗaukarsa da safe ba.

Wajen jeri, kifi a tsakiya, kayan lambu a kewaye, burodi kuma a kwando daban don kada ruwan tumatir ya jiƙa shi. Tire biyu matsakaita sun fi ɗaya babba, kuma a nan muna da magana da mazaje 'yan'uwanmu. Mun sha ganin an kwashe duk abin da aka shirya an kai zaure, matan da suka tashi tun asuba suka cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya aka bar su da kawunan kifi da gefen burodi. A gidanmu yanzu tiren cikin gida ake fara cikawa kafin na zaure ya fita, kuma ba mu ji wani baƙo ya yi ƙorafi ba.

Saura lokaci. Ka'idar masana lafiyar abinci ita ce dafaffen abu kada ya wuce awa 2 a waje, idan kuma zafi ya haura digiri 32, awa 1 kacal. A watannin Maris da Afrilu zafin Tamale yakan kai digiri 40, ke nan tiren da aka fitar ƙarfe 10 bai kamata a gan shi bayan ƙarfe 11 ba. Da hunturu akwai sauƙi, sai dai a rufe da kyalle mai tsabta saboda ƙura. Hanyar da muka ga ta fi ita ce a fitar da rabi, a ajiye rabi cikin sanyi, idan sababbin baƙi suka yi sallama a ɗumama a ƙaro. A ajiye buta da sabulu da tasa a bakin zaure tun kafin tire ya iso, shayi kuma ya biyo baya da zafinsa.

Abin da bai fita daga firji ba, da kawunan da ƙasusuwan, su shiga tukunyar miyar rana. Wanda ya sha zafi a zaure kuwa na kyanwa ne.

Sai fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalam.