Ɗan Aji Huɗu Da Lissafin Zakka

Tun da aka ƙaddamar da shirin UPE a 1976 makarantun firamare suka bazu a ƙauyukan ƙasar Ɗambatta da Bichi, amma har gobe akwai iyayen da ke tambayarmu: wai me yaro yake koyowa a cikin shekara guda?

Bari mu ɗauki ɗan aji huɗu. Yana shiga zangon farko a watan Satumba, ana yankan gero. Malamin addini zai yi masa bitar farillan alwala da gajerun surori, galibi abin da ya riga ya samu a makarantar allo. Abin da allo bai ba shi ba shi ne lissafin rabi, da rubu'i, da ɗaya bisa goma. To jama'a, ai wannan shi ne lissafin zakka. Hatsin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi, ɗaya ake fitarwa cikin goma; wanda aka shayar da injin ban-ruwa, irin na masu noman rani a bakin madatsar Tomas, ɗaya cikin ashirin. Rabon gado ma sai da sumuni da sudusi.

Inda abin ke damunmu shi ne zango na uku. Da ruwa ya sauka a watan Yuni sai a janye yaro zuwa shuka da noman fari, ya dawo a Yuli ya tarar ana jarrabawa. Ku alhazan kasuwa da ma'aikata masu ƙanne a ƙauye, kuɗin ɗan ƙwadago na mako uku ba zai gagare ku ba. Ku aika da shi tun kafin a yi shuka.