Wai Namiji Da Aikin Nas?

A wannan makon za mu taɓo wata magana da ake yi da shewa a majalisa, alhali rayuwar mutane ce a cikinta.

Saurayi ya doshi talatin, yana da difloma ko digiri a jaka. Ya gaji da koyarwa a makarantar kuɗi da albashin da ba ya kai tsakiyar wata, ko ya gaji da zaman rumfar POS. Sai ya ce zai koma makaranta ya karanci aikin jinya. Kafin ya rufe baki an fara: "Wai namiji da aikin nas? Kai da gemunka za ka je kana kwashe fo?" Wani ya ce in asibitin yake so me ya hana shi zama likita. Wani ya yi masa habaici da 'yan daudu. Gefe guda kuma ga 'yan zuga: "Shiga kawai, shekara uku ka tsallake Ingila." Mu da duka ɓangarorin biyu muke ja. Na farko suna kore matasa daga sana'ar da al'ummarmu ke matuƙar buƙata, na biyu kuma suna tura su cikinta ido rufe.

Mu fara da masu dariya. Ku leƙa ɗakin maza na kowane babban asibiti. Dattijo na kwance, fitsari ya ƙi fita, dole a sa masa roba. Me 'ya'yansa ke cewa? "Don Allah babu namiji a cikinku?" Mutumin da bai taɓa cire hula a gaban surukarsa ba, yau za a yaye masa sutura a gaban sa'ar jikarsa. Akwai mazan da ke ɓoye basir ko gwaiwa ko ciwon mafitsara har ya ci ƙarfinsu, saboda wannan kunyar kaɗai. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Al'ummar da ke dagewa a kan mace ta duba mace, ita ya kamata ta fi kowa son namiji ya duba namiji. To wannan namijin da ake nema ranar da ciwo ya zo, daga sama zai faɗo? Ɗan wani ne da ya toshe kunne ya tafi makaranta. Ba zai yiwu mu yi masa dariya ranar Litinin, mu kama ƙafarsa ranar Talata ba.

Ita kanta maganar cewa jinya aikin mata ne kayan aro ce. Florence Nightingale, wadda ta yi suna da jinyar sojoji a yaƙin Kirimiya, ta buɗe makarantarta a asibitin St Thomas da ke Landan a 1860, kuma mata ta ɗauka. Tsarinta ne Turawa suka yaɗa a ƙasashen da suka mallaka. Su ma daga baya suka gane sun yi wa kansu ƙunci: rundunar sojan Amurka ta fara ba namiji muƙamin hafsa a sashenta na jinya a 1955, babbar ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Ingila, Royal College of Nursing, ta buɗe wa maza ƙofa a 1960. Har yau tabon bai goge ba, domin rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna kusan tara cikin goma na ma'aikatan jinya a duniya mata ne, kuma akwai giɓin ma'aikata kusan miliyan 5.9. Amma mu a nan Arewa, kakanninmu malamin asibiti suka sani, kuma a yawancin garuruwa namiji ne, saboda karatun bokon 'ya'ya mata ya makara. Shi ke yin allura, shi ke wanke gyambo, ana girmama shi a gari. A 2024 ma magatakardan Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya namiji ne, Faruk Umar Abubakar. Raini daga baya ya shigo, kuma finafinai da littattafan soyayya sun taya shi girma, inda kullum namiji ne likita, nas kuma budurwa ce mai riƙe masa fayil.

Yanzu mu juyo kanka, kai mai niyyar sauya sheƙa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, don haka ga abin da za ka tarar.

Takardarka ta baya, in ta akanta ce ko ta kasuwanci ko ta aikin jarida, ba za ta rage maka ko shekara ɗaya ba. Ana buƙatar kiredit biyar a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. In ba kimiyya ka yi a sakandare ba, WAEC ko NECO za ka koma tukuna. Tsohon tsarin makarantar jinya shekara uku ne. Yanzu makarantu da yawa sun zama kwalejoji masu ND da HND, shekara huɗu, kuma ta JAMB ake shiga. Digiri a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya, Bayero ta Kano, Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ko ta Maiduguri shekara biyar ne, sannan shekara guda ta horon aiki. Wasu makarantun suna sa iyakar shekaru a sanarwarsu, ka karanta ta da kyau kafin ka sayi fom. Ka kuma tabbatar makarantar na cikin jerin waɗanda Majalisa ta amince da su. Wanda ya koyi allura a bayan wani asibitin kuɗi aka ba shi takarda mai hatimi, doka ba ta san shi a matsayin nas ba. Kwas ɗin jami'in lafiyar al'umma da ake yi a kwalejin fasahar lafiya shi ma sana'a ce mai daraja, amma daban take, hukumarta ma daban.

Za ka zauna aji ɗaya da sa'o'in ƙannenka mata, 'yan shekara goma sha takwas, kuma wasunsu za su fi ka riƙe sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi. Makarantun jinya suna da jarrabawar tankaɗe da rairaya a watannin farko, wadda ɗalibai ke kira PTS, kuma gemu ba ya cetar kowa a cikinta. A ƙarshe ga jarrabawar Majalisa, ta rubutu da ta gwaji a aikace, sai ka ci ta za a ba ka lasisi, shi ma lokaci-lokaci ake sabunta shi bayan ka halarci bita. Babban tarkon magidanci shi ne kuɗi. Karatun jinya ba ya barin gefe: da rana aji, wani lokaci makonni a ɗakin marasa lafiya har da aikin dare. In kana da mata da 'ya'ya, ka zauna da ita ku yi lissafin cefane da haya na shekara uku zuwa biyar tun kafin ka ajiye aikin da ke hannunka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi kansa aikin, farar rigar ce kawai fara. Za ka wanke ciwon da warinsa zai bi ka gida. Za ka share amai da jini, ka juya wanda ya shanye duk bayan sa'o'i biyu don kada bayansa ya ɓare, ka lissafa magani daidai da ƙarfe uku na dare idonka na rufewa. Za ka yi Sallah a asibiti. Za ka rufe wa gawa ido, ka fito ka ci gaba da raba magani, domin sauran na jiranka. Wanda ya shigo don kwalliya, watan farko yake guduwa.

Akwai kuma abin da zai same ka don kawai kai namiji ne. Duk mara lafiya mai nauyi kai za a kira ka ɗaga, duk wanda ya fusata kai za a turo gaba, har ka zama nas kuma ɗan dako kuma mai gadi da albashi ɗaya. Ka taimaka, amma ka koyi ɗaga mutum yadda aka koyar, ka nemi hannu na biyu, domin ciwon baya ya kwantar da ma'aikatan jinya da yawa. Za a samu macen da za ta ce ba za ka taɓa ta ba, ko mijinta ya faɗa. Haƙƙinsu ne, kada ka ɗauke shi zagi. Ka kafa wa kanka doka tun ranar farko: ba ka duba mace a bayan labule sai da wata ma'aikaciya ko 'yar uwarta a tsaye, kuma sai ka yi bayani ta amince. Wannan kariya ce gare ta da kai. Zargi ɗaya ya isa ya rushe lasisin da ka sha wuyar samu.

Shugabar ɗakinka mai yiwuwa mace ce, wataƙila ta girme ka da shekara ashirin a aiki, wataƙila kuma ka girme ta a haihuwa. Za ta ba ka umarni, za ta gyara maka kuskure a gaban mutane. In ranka ba zai ɗauki wannan ba, zauna a gida, girman kai rawanin tsiya ne. Waɗannan matan su suka riƙe asibitocinmu shekara da shekaru, a wurinsu za ka koyi aikin.

Jarrabawar da ta fi kayar da maza ita ce kalmar "likita". Da an gan ka da farar riga za a fara kiranka da ita, abokiyar karatunka kuma a ce mata nas. Kalmar tana da daɗi a kunne, daga nan wasu ke zamewa. Sai ka ga mutum ya buɗe ɗaki a unguwa yana rubuta maganin da bai kamata ya rubuta ba, har da yanka mutane. Irin waɗannan su ke ɓata sunan sana'ar, su ke jefa iyalai cikin makoki. In an kira ka likita, ka ce kai ma'aikacin jinya ne, ka faɗe shi da ƙarfi. Likita yakan zaga ya duba ya wuce, kai ne ke tare da mara lafiya tsawon aikinka, kai ne za ka fara ganin numfashinsa ya sauya. Wanda ya san darajar wannan ba ya aron sunan wani.

Haɗari ma gaskiya ne. Zazzaɓin Lassa da aka gano a 1969, a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, ma'aikatan jinya na mishan ne ya fara kashewa. Da Ebola ta shigo Legas a 2014, nas Justina Ejelonu na cikin waɗanda suka rasu bayan jinyar mutumin da ya shigo da cutar. Ka yi rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin ka fara taɓa allura. In allurar da aka yi wa wani ta soke ka, ka kai rahoto nan take, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin sa'o'i 72 ake fara shi.

Sai maganar 'yan zuga. Gaskiya ne ana fita. A farkon 2024 magatakardan Majalisa ya ce ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. Amma a watan Fabrairun shekarar ne Majalisar ta fito da ƙa'idar sai mutum ya yi aikin shekara biyu kafin a tantance masa takardun fita, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. Najeriya kuma tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, shi ya sa dokar ɗaukar ma'aikata ta Ingila ta hana a zo nan ana farautarsu, sai dai mutum ya nema da kansa. Ko ya nema, ga jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, ga ta kwamfuta, ga ta gwaji a can. Mai son Amurka kuma NCLEX na jiransa. Duk kuɗi ne da lokaci, kuma ƙa'idojin kan sauya kana tsakiyar karatu. Wanda biza ce kaɗai ta kawo shi, me zai riƙe shi a bakin gadon mara lafiya ranar da aka rufe ƙofar? A gida kuwa, asibitocin tarayya suna biya da tsarin albashin CONHESS, jihohi kowa da nata, ƙananan asibitocin kuɗi da yawa kuma abin da suke bayarwa bai fi na makarantar da ka baro ba. Sana'a ce ta rufin asiri. Mai neman kuɗin dare ɗaya ya nemi wata hanyar.

Duk da haka sana'ar tana da tsani. Bayan lasisin farko akwai karatun ƙwarewa: jinyar ƙashi a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, jinyar masu taɓin hankali a asibitin Barnawa da ke Kaduna, jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kadunan. Akwai aikin ɗakin tiyata, sa barci kafin tiyata, sashen gaggawa, wankin ƙoda. Akwai koyarwa har zuwa farfesa. Shekarun da kake ganin ka ɓata a baya ma za su yi maka rana, domin wanda ya taɓa koyar da yara ya iya yi wa tsohuwa bayanin maganin hawan jini har ta gane, wanda ya taɓa ciniki da jama'a ya iya kwantar da hankalin dangin da suka taso da faɗa.

Ga iyaye da abokai da masu ba da aure: in saurayi ya zo ya ce shi nas ne, ku tambaye shi lasisinsa da halinsa, ku bar maganar aikin mata. Muna da matasa birjik a bakin titi ba aikin yi, muna da asibitocin ƙauye da ma'aikaci ɗaya ke riƙe da su dare da rana, sannan muna da bakin yi wa wanda ya taso zai cike gurbin dariya. Lafiya uwar jiki ce, kuma kowannenmu akwai ranar da zai kwanta ya jira hannun wani. Wanda ya auna duk abin da muka lissafa ya ga zai iya, ya je ya sayi fom. Wanda ba zai iya ba, ya yi wa mai iyawa addu'a, in ma ba zai yi ba ya kama bakinsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.